Ruwan da Ya Fita Daga Ƙofarmu

Talata, 22 ga Agusta, bayan la'asar

Na tsinci wannan kaye na rubutu a ƙasan akwati, saura daga zamanin da nake koyarwa a lakwal, makarantar boko. Shekara talatin ina sa ƴaƴan mutane rubutu, yau ga Mushe Labo, kamar yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, ya rasa abokin hira sai takarda. Duniya ke nan.

Kwana uku ke nan matata Safi tana ƙetaren kogi, gidan yayarta Kadi a Malanbil, ƙasar Benin. Duk wanda ya tambaye ni ina iyali, sai in ce rufe gadar nan ne ya sa dawowa ta yi wuya. Gada kam a rufe take tun da soja suka karɓi mulki, manyan motoci sun yi layi har inda ido ya tsaya. Amma jirage suna kai da komo a kogi tun safe har faɗuwar rana, Safi kuwa ƴar Sarkawa ce, a cikin jirgin ubanta ta koyi zama. Mutane su saurare ni, su ce Allah ya buɗe hanya, in ce amin, kowa ya kama gabansa.

Shekara talatin da ɗaya da aurenmu, ba ta taɓa yin yaji ba sai yanzu. Ina son ta dawo. Na rubuta a nan tunda ba inda zan faɗa.

Alhamis, 24 ga Agusta, da hantsi

An yi ruwa bayan asuba. Na zauna bakin ɗaki ina kallon indararo yana zuba cikin ganga. Ganga ta cika, ta tumbatsa, ruwa ya kama hanya ta tsakar gida a hankali. Ya kwashi kashin awaki, ya kwashi tokar da na watsar gefen murhu, ya haɗa da leda biyu, ya fice da su ta rariya. Ni kuwa ina zaune ina bin su da ido, har na ji kamar an ce "Mushe" daga madafa. Na waiwaya, kaza ce ta fake.

Da Safi tana nan, fes ruwan gidan nan yake fita. Ban taɓa tambayar kaina yadda ake yi ba. Na zaci haka ruwa yake.

Asabar, 26 ga Agusta, bayan azahar

Bari in rubuta abin da ya faru, ko da rabinsa ne.

Da aka rufe gada, duk mai jirgi ya ɗaura wa jirginsa inji. Yakuba maƙwabcinmu mai gyaran inji ne, aiki ya yi masa yawa har shagonsa ya kasa ɗauka. Ya roƙe ni in bar shi ya baje kaya ƙofar gidana, ƙarƙashin dogonyaro. Na ce bismilla, ban shawarci kowa ba. Don ya sami wuri sai ya sare jemar da Safi ta shuka a bakin rariya, ciyawar nan mai dogon saiwa da take cewa tana tace ruwa kafin ya faɗa kwata. Ta fito ta ga wurin a share, ta dube ni, ta koma ciki.

Baƙin man da yake tsiyayewa daga injina, cikin rabin ganga yake tara shi. Ranar Juma'ar makon jiya ta cika taf, Yakuba ya sauka bakin kogi duba wani jirgi, hadari kuma ya haɗu baƙi ƙirin. To, layinmu muna da al'ada: da ruwa ya sauko, kowa ya fito da sharar da ya tara ya juye a kwata, ruwa ya tafi da ita. Har rige-rige ake yi, kada ruwa ya ɗauke a bar mutum da kayansa. Gida ɗaya ne ba ya fitowa, namu. Ran nan na fito. Na ga in ruwa ya ƙaru a kan man nan zai malale ya shigo min zaure, sai na kama gangar da hannu biyu na karkata ta cikin kwata. Wallahi har daɗi na ji da na ga ƙofata ta yi tsaf.

Kwatar layinmu a mashaya take ƙarewa, inda mata ke wanki, inda Sumana ƙanen Safi ke girka gurarsa ta kamun kifi. Kifin da ya kwana cikin gurar nan duk warin mai yake, sai rami ya haƙa ya binne. Kashegari kafin azahar Safi ta ɗaure ƙunshinta ta bi Sumana jirgi.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan yau.

Lahadi, 27 ga Agusta, kafin magariba

Yau ma ba wuta. Tuwon da na tuƙa, akuya ta shinshina ta juya min baya.

Laraba, 30 ga Agusta, da hantsi

Kwanakin nan yawo nake cikin gidana kamar baƙon da aka bar wa gadi.

A gindin lemo na tarar da rami cike da tsakuwa, an rufe shi da fasasshen tulu. Ashe nan ruwan wanki da na wanke-wanke ke shiga, ƙasa ta shanye, ba ya kai waje. Ni kuwa shekara nawa ina cika baki a majalisa wai hannuna ne mai albarka, shi ya sa lemona ba ya fashin ƴaƴa. Bayan garken awaki akwai wani ramin mai murfi, na toka da kashin dabbobi, wanda Sumana ke zuwa ya kwashe ya kai gonar shinkafarsa. Akwai buhu a rataye, an cusa masa leda har wuya. Abin da ya fi zaunar da ni shi ne wani gwangwani a saman katanga. Na sauke, na buɗe, sai ga pil, batiran rediyona da suka mutu, na shekaru, wasu har sun yi tsatsa. Ta taga nake cilla su. Ashe ana bin bayana ana tsincewa.

Na zauna da gwangwanin a cinya har rana ta kai tsaka. Na tuna ta taɓa ce min uwarta tana cewa ƙofar kowane gida bakin kogi ce, nisa ne kawai ya bambanta. Na yi dariya a lokacin, na tambaye ta a wane littafi aka rubuta haka. Ita ba ta ce wa kogin Kwara. Da bakinsu na Dendanci take ambatonsa, a hankali, yadda ake ambaton babba a gida.

Yau na share tsakar gida kafin hadari ya iso, na tare bakin rariya da tsohon kwando. Bayana sai tsiya yake min.

Juma'a, 1 ga Satumba, bayan saukowa daga masallaci

Hawwa ɗiyata ta kira daga Doso. Na fara yi mata zancen gada, ta bari na kai aya, sannan ta ce jiya ta yi magana da Innarta. Na tambaya ko tana lafiya, ta ce lafiya lau, sai dai ba ta cin abinci sosai. Sai ta ce, "Baba, ka je biko mana."

Na ce bakin kogi ba daɗi yanzu, soja na tare mutane suna tambayar takarda. Ta san gaskiya. Ni mutumin tudu ne, ɗan Dogondutsi, ruwan da na sani na rijiya ne da na tabkin damina. Shekara talatin da biyu ina Gaya ban taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba, gada ce ta rufa min asiri. Ko tsayawa na yi a gaɓa na ga yadda ruwan nan ke tafiya ba ya waiwaye, sai in ja da baya.

A rediyo kowa da abin da yake faɗa, wannan ya ce sojan waje za su zo da yaƙi, wancan ya ce ba mai zuwa. Na kashe.

Lahadi, 3 ga Satumba, da safe

Sumana ya zo kwasar taki. Tun yana saurayi ba ya ganina bai tsokane ni ba, mijin yayarsa ne ni, abokin wasa. Kullum "Mushe mai tsoron kwaɗo" yake kirana. Yau ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi gajiya, ya tambayi damina. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Na ba shi haƙuri a kan kifi. Ya ce kifi na Allah ne, wani zai shigo. Na tambayi yayarsa, ya ce tana gaishe da gida. Da zai fita ya tsaya ya dubi kwata, inda baƙin ya kama ƙasa, ya ce duk ruwan da aka yi sai ya ɗebi kaɗan ya kai musu ƙasa, har yau mata suna ganin shi yana yawo a kan ruwa. Bai ce in yi komai ba.

Talata, 5 ga Satumba, bayan la'asar

Kwana biyu ke nan ina kankare kwata da fartanya. Ƙasar da mai ya kama nake ɗebewa in zuba a daro, in ta taru mai amalanke ya kai can tudu bayan gari, wani tsohon rami da ruwa ba ya bi. Daga ƙofarmu zuwa mashaya taku ɗari huɗu da ƴan kai ne. Na yi kusan kashi ɗaya cikin uku.

Yakuba ya ga abin ya fi ƙarfin kallo, ya ajiye aiki ya kama min. Mun yi magana. Yanzu baƙin mansa cikin bido, jarka mai murfi, yake zubawa, kafintoci na karɓa su shafa wa katako saboda gara. Ƙarƙashin kowane inji ya shimfiɗa buhu da yashi, in ya jiƙe a kwashe. Ya ce da ya san haka za a yi da bai sare ciyawar Inna Safi ba. Na ce shi sara kawai ya yi.

Wani soja ya tsaya kaina da bindiga a kafaɗa, ya tambaya me nake haƙa kusa da bakin iyaka. Na ɗaga kai, sai ya cire hula ya ce Mushe, ashe na taɓa koyar da shi a aji huɗu. Ya tambaya ko mairi, ofishin magajin gari, ce ta sa ni. Na ce a'a, aikin gida ne aka ba ni. Ya yi murmushi ya wuce.

Masu wucewa suna cewa sannu da ƙoƙari. Wasu na ji suna cewa tsufa ne ya fara taɓa ni.

Alhamis, 7 ga Satumba, bayan azahar

Na kishingiɗa gindin lemo, barci ya ɗauke ni. Na ga kogi ya hauro layinmu ba hayaniya, ya shigo ta rariya, ya zauna tsakar gida kamar mai jiran a kawo masa ruwan sha. Yana ta ajiye kaya a gabana ɗaya bayan ɗaya, takalmin roba, kwalba, tsumma, duk namu na layi, yana jera su da kyau. Safi tana tsaye a bayansa da tsintsiya, ƙafarta ba ta jiƙe ba. Na buɗe baki in yi mata magana, sai na ji ina karanta sunayen ƴan aji.

Lemo ne ya faɗo kusa da kunnena na farka. Na daɗe ban tashi ba, ina jin ƙarar injinan jirage daga nesa, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa.

Juma'a, 8 ga Satumba, da yamma

Na samo saiwar jema a fadama na dasa a bakin rariya. Ta yi laushi, ban sani ba ko za ta kama.

Asabar, 9 ga Satumba, bayan la'asar

An tafka ruwa da rana tsaka. Na riga na share gida, na rufe ramin toka, na kafa ganga biyu ƙarƙashin indararo. Da ruwa ya fara fita ta rariya na leƙa, wallahi fari tas, har ana ganin tsakuwa a ƙasansa. Sai na ji ina son in raka shi. Na fita ba laima, na bi shi a gefen kwata.

Taku goma sha biyu ya yi yana fari. A na sha uku aka buɗe ƙofar gidan gaba aka juye masa kwandon shara. Gaba kaɗan ruwan rini, gaba kuma hanjin kaza da leda. Kowa na gaishe ni yana juyewa, ba wanda ya ɓoye, ni ma da can ban ga abin ɓoyewa ba. Kafin mu kai mashaya na kasa gane wanne ne ruwan gidanmu.

Na tsaya a gaɓa jiƙe sharkaf. Ƙetare ya ɓace cikin ruwan sama, sai inuwar itatuwa. Safi ta san da taku goma sha biyun nan. Ba yadda za a yi ba ta sani ba, ita da ke sauka mashaya kullum. Shekara talatin da ɗaya tana sani, kuma duk hadarin da ya haɗu sai ta ɗauki tsintsiya. Na yi kuka a wurin, ba wanda ya gane saboda ruwa.

Lahadi, 10 ga Satumba, da hantsi

Mura. Na gama kwata duk da haka. Na aika wa Safi ta bakin Sumana cewa an kwashe baƙin duka. Ya dawo ya ce ta ce sannu da aiki.

Litinin, 11 ga Satumba, bayan azahar

Sannu da aiki. Tun jiya nake juya maganar nan. Ba kifi ne ya kore ta ba, ba kuma kwata ba, na sani tun ranar farko. Ga ɗaya rabin da na ƙi rubutawa.

Safiyar Asabar ɗin nan, matan mashaya sun tarar da wankinsu ya ɓaci, zannuwa sun yi dabbare-dabbare. Suka biyo sawun baƙin a kwata, gida gida, har ya kawo su ƙofarmu. Su wajen goma, Inna Mairo a gaba, tsohuwar da duk mashaya ke jin maganarta, ƙawar uwar Safi ce tun suna ƴanmata. Suka yi sallama. Ina cikin ɗaki, na ji su sarai. Na jawo rediyo na ƙara masa murya.

Safi ce ta fita. Ta taga ina jin Inna Mairo tana ce mata da Hausa, don duk layi ya ji, wai ita da ke hana mutane zuba ruwan sabuni a hanya, ashe nata ta fi kowa. Wata ta ce ɗiyar Sarkawa ta kashe kifin ƙanenta. Safi ba ta ce Yakuba ba, ba ta ce Mushe ba. Ta durƙusa ta ce a yi haƙuri, daga gidanta ya fito. Da suka tafi ta shigo ta tsaya bakin ƙofar ɗaki, ta dube ni, ni kuma na dubi rediyo. Ta jira. Ban san tsawon lokacin da ta jira ba.

Ni da na yi shekara talatin ina ce wa yara wanda ya fasa allo ya miƙe tsaye. Kunya nake ji har cikin ƙashina.

Talata, 12 ga Satumba, da hantsi

Na sa babbar riga na sauka mashaya lokacin da mata suka cika. Namiji da babbar riga a wurin wanki, nan take hira ta mutu. Na nemi Inna Mairo, tana zaune kan dutse tana jan carbi, jikokinta na mata wanki. Na durƙusa cikin laka na gaishe ta. Na ɗaga murya yadda nake yi a aji.

Na ce, "Inna, man nan ni na zuba shi da hannuna. Safi ba ta sani ba sai da kuka zo. Kuma ina cikin ɗaki ina jinku."

Inna Mairo ta gama zagayen carbinta tukuna. Ta ce tun da suka juya daga ƙofarmu jikinta ya ba ta, don ta san hannun da ya raini Safi, kuma maganar da ta gaya mata ran nan ta hana ta sukuni. Ta ce ita ma tana da haƙurin da za ta bayar. Sannan ta ce in tashi, riga na shan laka, kuma ba ita ce ya kamata in durƙusa wa ba. Ta nuna ƙetare da haɓa.

Na ce mata ban iya ruwa ba. Wata daga baya ta ce ai ba iyo aka ce in yi ba. Aka yi dariya, har da ni.

Laraba, 13 ga Satumba, da yamma

Na gaya wa Sumana gobe da safe zan bi shi ƙetare. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ya zo da igiya ya ɗaure ni ko zan zauna da kaina.

Alhamis, 14 ga Satumba, kafin magariba

Yau na shiga jirgi.

Zuwa ban ga komai ba. Na zauna a ƙasan jirgi tsakanin buhunan albasa, na runtse ido, na karanta duk abin da na haddace har da wanda ba na wurin ba. Sumana ya ce mun iso sau biyu kafin in yarda.

Yaya Kadi ta karɓe ni a tsaye, ta ce ashe gada ta buɗe. Na ce a'a. Ta ce to da me na zo. Na ce da jirgi. Sai ta juya ta ƙwala wa Safi kira.

Ta fito daga madafa. Ta rame. Na faɗa mata abin da na faɗa a mashaya, ban ƙara ba ban rage ba, na ce ta yafe min. Labari ya riga ni zuwa, na gani a fuskarta, amma ta bari na faɗa har ƙarshe. Ta koma ta kawo min shinkafa da miyar kifi ta ajiye, ta zauna nesa kaɗan tana kallon hannuna, duk kanta da baƙi a ƙarƙashin farce. Na ci don kada in yi wani abin. Aka yi azahar, aka yi la'asar, ba ta ce za ta bi ni ba, ni ma ban tambaya ba. Na yi sallama da Yaya Kadi na kama hanyar bakin ruwa.

Ina isa na tarar iska ta taso, kogi ya yi tsaye, jirgin Sumana na ta bugun gaɓa. Na sa ƙafa ɗaya, jirgi ya janye, na koma da baya. Na sake, na kasa. Fasinjoji suna jira, wani ya ce a ɗauki tsoho a saka. Ina tsaye sai na ga an miƙa ƙunshi ta gefena an aje cikin jirgi. Ta tattare zane ta shiga kamar mai shiga ɗakinta, ta juyo ta miƙo min hannu. Tun da aka ɗaura mana aure ba ta taɓa riƙe hannuna a gaban mutane ba.

Na kama. Ta zaunar da ni kusa da ita, ba ta saki ba har inji ya tashi. Da muka kai tsakiya jirgi ya fara hawa da sauka, na fara runtse ido, sai ta matse min yatsu.

Ta ce, "Kada ka dubi ruwa, Mushe. Dubi gida."

Na duba. Gaya tana can gaba, rana ta faɗa kan rufin kwano, tana matsowa kaɗan kaɗan.

Yanzu tana tsakar gida tana faɗa a kan yadda na bar tukwanenta. Zan ajiye bik ɗin rubutu in je in ji da kyau.